Kunnen Baba Arzika da Takardar da ke Aljihuna

Duk wanda ya saba bi ta mahautar Tawa da sassafe ya san Baba Arzika, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren tsohon nan mai jar hula da ke tsayawa gefe da ƙwaryarsa. Ba ya taya tsoka, ba ya taya kai da ƙafa, jira kawai yake Illa mahauci ya miƙo masa hanjin tumakin da aka yanka a ranar. Kuma ba kowane hanji yake karɓa ba. Sai ya ɗaga shi ga haske, ya ɗan ja, in bai yi masa ba ya mayar ya ce, "Wanga na tsohuwar tunkiya na, Illa. Kai ma masu miya." Kullum Illa sai ya rantse ɗan rago ne, kullum kuma sai ya canza masa.

Daga nan gida. Ya wanke hanjin, ya kankare shi da tsagin kara, ya jiƙa a ruwan toka kwana uku. Sannan ya tsaga shi siri-siri, ya haɗa uku ko huɗu ya murza, ya ɗaure tsakanin turaka biyu a cikin rumfar da rana ba ta shiga. In ya bushe sai ya goge shi da man gyaɗa har ya yi sheƙi. Matarsa Azumi shekara ashirin da biyu ke nan tana ƙorafin warin, kuma ita ce dai ke tace masa tokar. Abin da ke fitowa daga wannan wahala shi ne tsirkiya, siririya, mai launin zuma. Da la'asar sai ya rataya ta a wuya, ya ɗauki basillarsa da 'yan tsinkayensa, ya nufi tsohuwar mangazar gyaɗa, wato siton da ake tara ta a da, ya zauna gindin aduwar da ke bakin ƙofa yana jiranmu.

A cikin mangazar nan muke buga badminton, wasan da mutanen gari ke kira ƙwallon gashi. Ga wanda bai taɓa gani ba: ƙwallon ɗan toshe ne da aka soka wa gashin tsuntsu, ana buga shi da raket na itace mai saƙar tsirkiya a tsakiya, ana tsallakar da shi bisa raga. A ɗaka ake yi, don iska kaɗan ke kwashe shi. Duk daɗin wasan da duk wahalarsa suna cikin saƙar nan, kuma saƙar aikin Baba Arzika ce.

Ni ne Isufu, malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ake kira Mushe kamar sauran malamai, sakataren ƙungiyar masu wannan wasa. Ina wannan rubutu ne don ran Lahadi mai zuwa Baba Arzika zai ajiye basilla ya koma garinsu Barmou. Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya daɗe yana cina a rai, gara in faɗe shi tun yanzu in huta: shekara uku da suka wuce, da hannuna na buga takardar korarsa daga aiki.

Baba Arzika mutumin Barmou ne. Tun yana saurayi yake murza wa masu gurmi da maharba tsirkiya. Ya zo Tawa ban ruwan lambun Anasaru, ran nan raket ɗin wani daga cikinsu ya tsinke, ga shi sai an yi wata biyu kafin kaya su iso daga Faransa. Arzika ya duba saƙar, ya ce a ba shi kwana shida. Tun daga ranar bai sake riƙe guga ba. Da aka samu 'yancin kai a 1960 Anasarun suka tattara suka tafi, suka bar mana raga ɗaya, da 'yan raket, da Arzika. Mu kuwa sababbin ma'aikata muka ɗauka ragar ce babban gadon.

Ba ya ɗaure wa mutum raket sai ya ga wasansa. Kana iya kawo masa yau ka ce gobe kake so, ya ce to, ya jingine shi jikin aduwa, ya shigo ya zauna bakin fili yana kallonka kamar ba ruwansa. Bayan an tashi sai ya kama wuyan hannunka ya juya, ya latsa gwiwar hannun, ya tambaye ka ko kana jin ciwo. Wanda hannunsa ya nuna, yake samun ƙwallo da tsakiyar raket, shi yake ɗaure wa da ƙarfi, da siririyar tsirkiya mai murɗi uku, wadda ke kai ƙwallo daidai inda aka aike shi amma ba ta daɗewa. Sabon shiga kuwa, ko mai duka da gefe irina, sai ya ba shi mai murɗi huɗu, ya sassauta, don saƙar ta riƙa taya shi jifa. Ba shi da sikeli. Yakan naɗe tsirkiyar a wani guntun icce ya ja, ya soka tsinke ya riƙe ta, ya kaɗa da farce, ya karkata kai ya saurara. In amon ya yi masa ya wuce gaba, in bai yi ba ya kwance. Mutum na iya tsufa a tsaye yana jiransa.

Kowa a ƙungiya ya shaida abin da ya faru da Kaltumi, ungozomar asibiti, wadda ita ce mace ta farko da ta shigo mangazar da raket a hannu. Ta ce a ɗaure mata irin na maza, har ya fi. Baba Arzika ya ƙi, ta kai wa wani ya ja mata tamau. Ba a yi wata biyu ba gwiwar hannunta ta kama ciwo, har ɗaukar tasar ruwa na gagararta, ga shi da hannun nan take karɓar haihuwa. Likita ya ce ta bar wasan. Baba Arzika ya ɗauki raket ɗin ya yanke saƙar duka, ya sake sabuwa. Da ta latsa da yatsa ta ji ta lotsa, sai ta ce, "Haba Baba! Gadon igiya kas saƙa mini?"

Ya ce, "Buga dai, ɗiyata. In bai yi ba ki kwanta bisa."

Ta buga. Ciwon ya tafi inda ya fito, kuma kafin ƙarshen shekarar ta lallasa ni sau huɗu a jere gaban ɗalibaina. Har yau ban yafe wa su biyun ba.

Abin da ya fi ba mu haushi da shi shi ne maganar lokaci. Da damina sai ya ƙara ja, ya ce tsirkiya ta sha laima za ta saki. Da bazara sai ya rage, ko ka yi ta magiya. Na taɓa matsa masa, ya dube ni ya ce, "Mushe, rana ma tana ja. In ka ja dut, ita mi za ta ja? Sai ta ja icce." Na yi dariya, na kai maganar ɗakin malamai aka taya ni.

To, a farkon 1966 shugaban ƙungiyarmu, Attaher na gidan waya, ya dawo daga karatun shekara guda a Kwatano, can bakin teku. Mutumin kirki ne, ba ya son raini ga garinsa. Ya dawo da wani mashin na ɗaure raket, mai hannuwan ƙarfe da allurar awo, da tsirkiyar kamfani a cikin takardu masu maiƙo, liƙe tsaf. Ya ce manyan 'yan wasan can duk kilo takwas suke ɗaurawa. Ya kuma gayyato ma'aikatan Yamai su zo mu kara a hutun bazara.

Aka zauna taron kwamiti. Wallahi ni na fi kowa zaƙewa. Na miƙe na ce ƙasa ta samu kanta, ana gina gadoji ana buɗe makarantu, mu kuma muna nan muna ɗaure raket da kunne da hanjin tunkiya? Na ce allura ba ta tsufa, ba ta gardama, ba ta tsayar da mutum kwana uku. Aka tafa mini. Aka yanke cewa da zarar baƙi sun tafi, mashin ya karɓi aiki, tsoho ya huta. Kaltumi kaɗai ta ƙi ɗaga hannu. Na je na buga takardar a keken rubutu, Attaher ya sa hannu, na ninke ta huɗu na sa a aljihun gaba. Ni aka ɗora wa miƙa ta, bayan wasa. Ranar Laraba ke nan, wasan kuwa Asabar.

Ran Jumma'a da hantsi Attaher ya kafa mashin a bakin mangaza, ya farke takardun nan, ya ɗaure raket biyar, har da nawa, kowane kilo takwas cif. Kai, abin ya yi kyau! In ka buga da tafin hannu sai ka ji tin, har cikin kai. Kaltumi ta rungume nata ta ce ba mai taɓa mata shi. Baba Arzika ya taso daga gindin aduwa, ya nemi izini, ya ɗauki ɗaya ya kaɗa da farce. Ya karkata kai, ya sake kaɗawa.

Ya ce, "Shugaba, wagga tsirkiya har yanzu ruwan teku na cikinta. Gobe in kwano ya ɗauki zafi za ta nemi hanya."

Attaher ya nuna masa allurar ya ce, "Baba, duba nan. Takwas ta ce."

"To, Allah shi ba da sa'a."

Ya tattara kayansa ya tafi tun azahar ba ta yi ba, abin da bai taɓa yi ba. Muka ce fushi ya yi. Muka rataye raket ɗin nan biyar a bangon mangaza, ƙarƙashin rufin kwano, suka kwana suka yini a nan.

Asabar da la'asar mangaza ta cika maƙil. Manyan gari a kujerun gaba, 'yan kasuwa da malamai a baya, mata ta wajen taga. Zafi kuwa ba a magana, bangon kansa in ka jingina sai ka zabura. Attaher ya fara shiga. A bugu na uku muka ji tas! Kan raket ɗin ya karkace kamar faifan da aka zauna a kai, tsirkiya na reto. Aka ruga bango a ɗauko wani, sai ga biyu daga cikinsu sun riga sun tsinke da kansu, ba wanda ya taɓa su. Na huɗu bai kai ƙarshen zagaye ba. Na ɗauki nawa na gwada shi sau ɗaya a gefe, tsirkiya uku suka tashi lokaci guda, ɗaya ta zabge ni a kunci.

Sai wani daga baya ya ƙyalƙyale da dariya, sauran suka kama. Jagoran baƙi ya matso cikin ladabi ya ce in muna so su ara mana nasu. Assha! Mu muka gayyato mutane, muka yi shela a gari, sannan a ara mana abin bugu a cikin ɗakinmu? Attaher yana tsaye riƙe da karkataccen icce, gumi na zuba, ya rasa inda zai sa idonsa.

Sai ga Baba Arzika a bakin ƙofa da buhu a kafaɗa.

Bai yi sauri ba, ban taɓa ganin ya yi sauri ba. Ya zo tsakiyar fili ya sauke buhun, ya fito da raket huɗu. Tsofaffin na Anasaru ne, waɗanda muka yar tun tuni muka ce sun tsufa. Ashe ya kwashe su ya ajiye a gida tsakanin alluna biyu, ya ɗora dutsen niƙa, shekara da shekaru, ba su karkace ba. Kuma ashe tafiyar da ya yi jiya ba fushi ba ne: daga azahar zuwa magariba, da yau tun daga asuba, saƙa yake yi. Kowane raket da zaren da ya ɗaura a mariƙinsa. Ya miƙa wa Attaher mai baƙin zare, ya miƙa wa sauran 'yan wasanmu biyu nasu, ya juyo gare ni ya ce, "Mai jan zare naka na, Mushe."

Na karɓa, takardar korarsa na aljihuna, jiƙe da gumi.

Na latsa saƙar na ji ta fi yadda ya saba yi mini sanyi. Ko a wannan hali sai da bakina ya motsa, na ce, "Baba, wanga ya yi sako-sako."

Ya ce, "Shiga dai."

Na shiga. Rabin bugun da na yi da gefe na yi shi, amma ƙwallon sai ya tashi ya je har ƙarshen fili kamar wani ke taya ni. Na ci wasana da ƙyar. Kaltumi ta ci nata cikin ruwan sanyi, har tana tambayar abokiyar karawarta ko tana son ruwa. Attaher ya sha kashi, sauran biyun ma haka. Yamai uku, Tawa biyu. An ci mu, ba zan yi muku ƙarya ba, amma da raket ɗinmu a hannu aka ci mu, kuma ba tsirkiya ɗaya ta Baba Arzika da ta ko yi gashi.

Bayan an watse Attaher ya ja ni gefe ya ce, "Mushe, takardar ga fa?"

Na ce, "Tana nan."

Ya ce, "Bar ta nan."

Washegari da kansa ya ɗauki mashin ɗin ya kai gindin aduwa. Baba Arzika ya zagaya shi, ya yaba hannuwan ƙarfen, ya ce lalle suna riƙe icce da kyau, sun fi gwiwoyinsa. Har yau da su yake kama raket in zai yi saƙa. Allurar awon kuwa ya kifa mata tsohuwar hula.

Baba Arzika, kai ne ka zauna shekara ashirin da biyu a bakin ƙofar wasan da ba ka taɓa buga shi ko sau ɗaya ba. Kai ne ka san hannun kowa a cikinmu fiye da yadda muka san shi, ka san wanda ke cika baki da wanda ke ɓoye ciwo. An tafa wa Kaltumi, an tafa mini ni da ban cancanta ba, kai kuwa kana waje kana naɗe ragowar tsirkiya. Da kunnenka ya fara nauyi shekara biyu da suka wuce, ba ka gaya wa kowa ba. Mun dai ga ka fara cizon gefen raket da haƙori kana kaɗawa, muka ɗauka wata sabuwar tsiya ce ta tsufa, ashe ta ƙashin muƙamuƙi kake jin amon. Haka ka yi ta yi mana aiki, ba wanda ya ji bambanci, sai da yatsun suka fara rawa ka ce da bakinka ya isa. Arzika na Azumi, maƙi gaggawa, ina jin kunyarka kuma ina ƙaunarka, duka biyun gaskiya ne.

Makon jiya na ɗauki takardar nan daga cikin littafin da na ɓoye ta, na sami Baba Arzika gindin aduwa. Sai da na ɗaga murya kafin ya ji ni. Na ce, "Baba, akwai abin da nika son in hwaɗa maka kahin ka tahi." Na buɗe ta, na karanta masa da Faransanci, na fassara masa kalma-kalma, na gaya masa ni na kawo shawarar, ni na buga ta, kuma tana jikina ranar da ya miƙo mini raket.

Ya saurara har na gama, yana goge basilla da gefen riga. Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

"Kai. Kwana ukku kana gaishe ni kana dahe da aljihu, idonka bisa aduwa. Mi ad da wuyar ganewa nan?"

Na ce, "Kuma ka je ka yi mana saƙa?"

"To baƙi sun zo, a bar gari shi ji kunya?" Sannan ya ce, "Naka na ƙarshe niy yi. Mutum in yana ɗauke da abu ga rai, hannunshi ƙagewa shika yi, ba shi samun tsakiya. Shi ya sa nis sassauta maka."

Ni da ke tsayawa gaban yara sittin ina magana tun safe har azahar, na zauna a ƙasa ina share ido da hula.

Na gode, Baba. Kaltumi ta ce in ce ta gode, ita da duk jariran da hannun nan ya karɓa tun daga lokacin. Attaher ya ce shi zai kai ka Barmou da motar da ya aro, kuma ba ya son gardama. Ku kuma masu karatu, a kowane wurin aiki akwai irin wannan tsoho a bakin ƙofa, wanda ake wucewa a gaishe shi da baki ɗaya. Ku tsaya ku zauna kusa da shi tun kunnensa na ji. In sana'a gare ku, ku yi ta yadda ya yi tasa: ku dubi hannun mutum kafin ku ja, ku kuma bar wa rana nata. Kaltumi ta riga ku, wata shida ke nan tana zuwa da la'asar tana koyon murza da saurare, kuma Baba Arzika ya ce kunnenta ba laifi.

Da zan tashi daga gindin aduwa a ranar, na ce Baba Arzika ya ba ni izini in yage takardar a gabansa. Ya miƙo hannu ya karɓe ta, ya shafa ta tsakanin yatsu, ya ce takarda ce mai kyau, mai kauri, a yage ta don me? Ya cire tsirkiya ta ƙarshe da ke wuyansa, mai murɗi huɗu, ya shafe ta da man gyaɗa, ya naɗe ta a ciki, ya miƙo mini.

Ya ce, "Ta raket ɗinka ta. In bazara ta yi ka ba Kaltumi ta ɗaure maka. Kuma kar ka ce mata ta ja."

Tana aljihuna na gaba yanzu haka. Mai ya huda takardar, ya shafe sa hannun Attaher da rabin abin da na rubuta, sunan Arzika ne kawai ke karantuwa.